Wane kofin Virginia Woolf zan saya wa yayata?

Tambaya: Malam, yayata ta kusa kammala digiri na biyu a adabin Ingilishi, kuma a kan Virginia Woolf ta rubuta kundinta. Ina so in ba ta kyautar kofin shayi mai hoton marubuciyar ko wata magana tata. Na duba shagunan intanet na ga iri-iri har kaina ya ɗaure. Wanne ya fi dacewa da wadda ta san aikin matar ciki da bai?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sa ta gama lafiya. Tunda yayarki ta san Woolf, inda ya kamata ki yi hattara shi ne rubutun da ke jikin kofin, don a nan masu sayarwa suka fi yin aika-aika.

Littattafan Woolf, wadda aka haifa a Landan a 1882 ta rasu a 1941, sun fita daga haƙƙin mallaka a Birtaniya tun 2012. Kowa na iya ɗaukar jimla ya manna a tangaran ba tare da neman izinin kowa ba, kuma ba kowa ne yake buɗe littafin ya duba ba. Akwai wata jimla da ta yi yawo sosai, wai a mafi yawan tarihi duk inda aka ga rubutu babu sunan mai shi to mace ce. Ba haka Woolf ta faɗa ba. A cikin littafinta A Room of One's Own na 1929 hasashe ta yi, ta ce tana kyautata zaton sau da yawa mace ce ta rubuta waƙoƙin da ba a sa wa hannu ba. Masu kofi sun cire zaton sun mai da shi hukunci. Yayarki za ta gane tun kafin ta zuba ruwan zafi.

Ta biyun ta fi ba ni dariya. Ita kam maganarta ce ta gaske: mutum ba ya iya tunani da kyau, ko soyayya, ko barci, in bai ci abincin kirki ba. Ana buga ta a kofi da allon kicin kamar kirarin masu son ciki. Amma ki dubi inda ta fito. Littafin ya samo asali ne daga laccocin da ta gabatar a kwalejojin mata na Newnham da Girton a Cambridge a Oktoban 1928. A ciki ta kwatanta liyafar rana a kwalejin maza, kifi cikin miyar kirim da naman fakara, da abincin dare a kwalejin mata, romo tsararo da ake hango gindin kwanon ta cikinsa, ɗan naman sa da dankali, sai busassun 'ya'yan itace da kwastad. Maganar talaucin makarantun mata take yi, waɗanda ba su gaji dukiyar da aka tara wa na maza tsawon ɗaruruwan shekaru ba. Daga nan ta kai ga batunta na cewa mace mai son yin rubutu tana buƙatar fam 500 a shekara da ɗaki mai makulli. In kin ga dama ki sayi wannan kofin, amma ki san abin da kike miƙawa.

Ni da zan zaɓa, kofin kamfanin buga littattafai na Penguin zan ɗauka, mai launin shunayya da farar ɗamara a tsakiya, wanda ya kwaikwayi bangon A Room of One's Own yadda suka buga shi tun da. Take ne kawai da sunan marubuciya, babu jimlar da za a gurɓata. Launin ma da ma'anarsa: a tsarin Penguin ruwan lemo na ƙagaggun labarai ne, kore na labaran binciken laifi, shunayya na maƙaloli. Bayansa sai wanda ke ɗauke da zanen Vanessa Bell, yayar Woolf ɗin, wadda ta zana bangon littattafanta a maɗaba'ar Hogarth da Virginia da mijinta Leonard suka kafa a 1917. Kyautar ƙanwa ga yaya mai zanen yaya ga ƙanwa, ai kin ga ta zauna.

Na hoto kuwa, kusan duka hoton da George Charles Beresford ya ɗauka ne a 1902, tana da shekara 20, ta juya gefe, gashi a ɗaure a ƙeya. Kyakkyawa ne, sai dai a lokacin ba ta wallafa littafi ko ɗaya ba, ko sunan Woolf ba ta samu ba tukuna. Kada kuma ki ji nauyin wai an mai da babbar marubuciya kayan shayi. Tun tana raye, tsakanin 1932 da 1934, Vanessa da mai zane Duncan Grant suka zana fuskarta a ɗaya daga farantai 50 na shahararrun mata da masanin tarihin zane-zane Kenneth Clark ya ba su aiki, kuma yanzu suna gidan Charleston a Sussex ta Ingila, inda masu zanen biyu suka zauna.

Kafin ki biya kuɗi, tambayi mai shagon ko zanen gasa shi aka yi a jikin tangaran ko manna shi aka yi, don na mannawa yana koɗewa da wanki. In da zoben ruwan zinariya a baki, ki gaya mata kada ta sa shi a na'urar ɗumama abinci.