Ɗalibin injiniyan lantarki da naira dubu 600: shago ko kayan aiki?

Wani ɗalibi da ke shekarar ƙarshe a sashen injiniyan lantarki a Kano ya rubuto cewa ya yi wata shida yana koyon aiki a ƙarƙashin SIWES, shirin da ke tura ɗalibai koyon aiki a aikace, wajen wani mai haɗa sola, ya iya wayarin gida da haɗa inbata da batura, kuma ya tara naira dubu 600. Burinsa shi ne ya mallaki kamfanin sola, yana tambaya ko ya kama shago ya sari farantan sola da batura kafin ya tafi hidimar ƙasa.

Ƙanena, kasuwar da ka hango tana nan, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareta ya gagari magidanta da masu shaguna da yawa. Sai dai ban goyi bayan kama shago yanzu ba. Galibin kayan sola daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, kuma abin da zai rage maka bayan biyan haya ba zai ba ka damar gogayya da manyan dillalan Sabon Gari ba. Ga hidimar ƙasa ta shekara guda a gabanka, batir mai ruwa kuwa idan ya daɗe a ajiye ba caji lalacewa yake yi.

Hajar da ka fi kowa ita ce lissafi. Da yawa daga masu haɗa sola kintace suke yi, shi ya sa za ka tarar an saka wa mai firiza ƙaramin inbata ba a lura cewa wutar da take ja lokacin tashi ta ninka wadda take ci tana aiki ba, ko a bar magidanci yana zuƙe batir mai ruwa kullum sai cajinsa ya koma ƙasa da rabi, har ya mutu da wuri, ko a ja siririyar waya inda ake bukatar mai kauri. Wanda ya taɓa yin irin wannan asara zai biya mutumin da zai zauna ya ƙidaya masa kayan wutarsa da awannin amfaninsu kafin a sayi komai, kuma shi ne zai kai sunanka wajen maƙwabcinsa.

Saboda haka ka sayi ingantattun kayan aiki, musamman mitar auna wuta da injin huda bango da tsani, ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, ka buɗe masa asusu daban, sauran kuɗin ka ajiye. Duk aikin da ka samu, ka rubuta kuɗin kaya daban da ladan aiki, ka sa wa farashin wa'adin 'yan kwanaki saboda dala, ka karɓi kafin alƙalami da zai ɗauki nauyin kayan gaba ɗaya. Wannan kuɗi amana ne, kada ka toshe wata ɓaraka da shi. Ka kuma yi wa abokan cinikinka tayin wanke farantai da duba batura a lokacin hunturu, domin ƙura tana rage wutar da farantin ke bayarwa.

Ka nemi shaidar masu haɗa wuta ta NEMSA, hukumar da ke duba ingancin ayyukan lantarki, da zarar ka cika sharuɗɗanta. Idan kuma bayan hidimar ƙasa ka samu aiki a ƙarƙashin injiniya mai rajista, ka karɓa, domin rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, tana bukatar shekarun aiki bayan digiri, kuma ita ce za ta buɗe maka ƙofar manyan kwangiloli. Shago ka jinkirta shi zuwa ranar da kayan da kake saya wa mutane a kowane wata suka kai yawan da dillali ya fara ba ka a farashin sari.