Abonma ko tebur? Zauna ka ji abin da 1994 ta yi mini

Jiya ka tsare ni ina ƙirga ciniki, wai mujallun nan masu kauri na gwanayen ɗaukar hoto, wanne ya fi mana: mu ɗora a tebur mu jira mai saye, ko mu nemi masu abonma, wato masu rajistar a riƙa kawo musu kowace fitowa, su biya na shekara. Ban tanka maka ba, don ka fama mini tsohon miki. Yanzu ajiye wayar nan ka saurara.

Yadda ake jera kaya da rubuta sunan mai abonma a littafi, ba zan ɓata yawuna a kai ba. Wanda ya shekara biyu a shagon nan bai iya wannan ba, ya koma tallan goro.

A Faransa, ajiya ake ba mai tebur. Ya sayar ya cire ladansa, abin da ya yi kwantai a zo a kwashe. Mu nan Maradi wa zai kwashe? Kusan kilomita 660 ne tsakaninmu da Yamai, ba a ma yi zancen jirgin Paris ba. Abin da ka ɗauko ya zama naka, ko ya fita ko ya tsufa a hannunka. Kuma wannan ba jaridar ƙwallo ba ce. Takarda ce mai nauyi mai sheƙi, da yawansu sau huɗu suke fitowa a shekara, kamar Aperture ta Amurka da ake bugawa tun 1952. Wata uku ke nan tana zaune, rana ta koɗar da bangon, ƙurar hunturu ta shiga tsakanin shafuka, mutum goma su buɗe da hannun ƙosai, su yaba, su ajiye. Na goma sha ɗayan da ya zo da kuɗi ya ce ta sha hannu, a rage masa.

Za ka ce to abonma ke nan. Haka ni ma na ce a ƙarshen 1993.

Lokacin zancen masu hoton Afirka ya fara tashi a Turai, ana ta ambaton Seydou Keïta na Bamako, kowane mai kyamara a garin nan yana jin shi ma saura ƙiris. Sai wani mai sutudiyo ya zo mini. Ba zan kama sunansa ba, yana raye, ƴaƴansa suna gaishe ni. Ya ce shi da abokan sana'arsa bakwai suna son wata mujallar hoto ta Faransa, ta shekara guda, kuɗin duka a wuyansa, zai biya bayan ƙaramar salla. Maganar ta shiga kunnena, don kowa ya san salla ce kakar masu hoto, wanda duk ya ɗinka sabo sai ya tsaya gaban kyamara. Ga shi sahu ɗaya muke a masallaci. Na aika wa dillalina na Yamai, bashi a kaina, lissafi da faran na Faransa. Ko dala ban karɓa ba, takarda ma ban sa ya sa hannu ba. Kunya ta hana ni.

Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa. Faran ɗaya da yake sefa 50 ya koma 100. Duk inda zan biya jika 5 ya zama jika 10, ina kwance a ɗakina bashi ya ninka. Na je na same shi, ya ce shi farashin da muka yi magana ya sani. Na haɗiye, na ce kawo wannan ɗin. Ya ce ai sai salla. Salla ta zo a watan Maris, ina kallo yana ciniki har tsakar dare. Fitowa ta farko ya karɓa, ta biyu ya karɓa, kullum gobe. Da na matsa, sai ya zo da sabon salo: wai ya buɗe ya tarar da hoton mace ba sutura, shi ba zai zuba halalinsa a wannan ba, ni ma in nemi gafara. A bainar jama'a ya faɗa, a bakin teburina! Alhali da idona na ga ya yanke shafuka ya manna a bangon shagonsa, yana nuna wa amare yadda za su tsaya. Sauran bakwai ɗin kowa ya ce bai taɓa magana da ni ba, kuma da gaskiyarsu. Babur ɗina na sayar na biya dillali. Ragowar fitowar shekarar suka yi ta zuwa ba mai karɓa. Na kai wa masu tsire su naɗe nama, suka ce takardar ba ta shan mai.

Har gobe abonma na zaɓa, amma sai kuɗi ya shigo aljihuna nake aika suna. Su kansu masu bugawa me ya sa suke rage wa mai abonma farashi? Don sun karɓi na shekara tun ba su sayi takarda ba, sun kuma san guda nawa za su buga. Kai ɗan tebur ka fi su ƙarfi ne da za ka ba da bashi? Kowa ya biya nasa da hannunsa, kada wani ya tsaya wa wani. Ka buɗe masa tsohuwar fitowa ya duba shafi-shafi a gabanka, kada ya dawo maka da wa'azi. Ana cewa yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, ba ya motsi. Faran ma haka aka ce mana. Ranar da ya biya, ranar za ka tura kuɗin. A tebur kuwa guda ɗaya tak, cikin leda, a inuwa, don ido ya gani ya yi tambaya.

Ku yaran yanzu kun ga hoto a Instagram, ɗan mitsitsi kamar kwalin ashana, kun ɗauka kun ga hoto. Malick Sidibé, mai hoton nan na Mali, da hoton baƙi da fari ya karɓi babbar lambar yabo ta Zakin Zinariya a Venise a 2007, ku kuna can kuna ƙara wa fuska haske da yatsa.

Malamin jami'ar nan da ya tambaye ka ranar Litinin, ka ce masa ya zo da kuɗin shekara cif, kuma ni zan ƙirga. Tashi ka kaɗe ƙurar tebur.