Yadda za a gyara hanyar shiga ƙungiyar ɓarayi a Skyrim

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa mod (wato gyaran da ɗan wasa ke ƙara wa wasa) na wasan bidiyon Skyrim, ina so in gyara yadda ake shiga ƙungiyar ɓarayin Riften. Abin da ke damuna shi ne, da ka shiga garin sai Brynjolf, ɗan ƙungiyar, ya tare ka da tayin aiki, ko da ba ka taɓa ɗaukar ko allura ba a wasan. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan matsala ta daɗe tana ci wa masu wasan tuwo a ƙwarya tun fitowarsa a 2011. Brynjolf kan ce ka sato zoben wani ɗan kasuwa, Madesi, daga akwatinsa, ka zura shi a aljihun wani ɗan kasuwar, Brand-Shei, shi kuma yana can yana ɗauke hankalin 'yan kasuwa da tallar maganin bogi. Tsarin aikin yana da kyau. Inda gizo ke saƙa shi ne, ko masu gadi sun cafke ka, yana nan dai zai gayyace ka mashayar Ragged Flagon da ke ƙarƙashin gari. Ƙungiyar da ke rayuwa da sirri ba za ta buɗe wa kowa ƙofa haka ba.

Ka duba yadda Oblivion na 2006, wasan da ya gabaci Skyrim a jerin, ya yi. A can kai ne za ka nemi ƙungiyar, ko ta bakin mabarata, ko kuma saƙo ya iske ka bayan ka sha ɗauri. Sai ka sami Armand Christophe, wani babba a ƙungiyar, da tsakar dare a wani lambu a unguwar bakin ruwa, ya haɗa ka tsere da wasu mutum biyu kan sato littafin Amantius Allectus. Methredhel, ɗaya daga cikin biyun, na iya riga ka, kana ji kana gani. Bayan an karɓe ka ma, sai ka sayar da kayan sata na zinari 50 kafin a ba ka aikin farko. Wannan ne nake so ka ɗauko: ɗan wasa ya ji cewa guminsa ne ya shigar da shi.

A aikace, buɗe Creation Kit, manhajar gyara wasan, ka nemi TG00, nan ne aikin zoben yake. Sa sharaɗi a kan gaisuwar da Brynjolf ke tare mutum da ita. Wasan da kansa yana ƙirga aljihun da ka yanka, kayan da ka sata da makullan da ka ɓalle, kuma umarnin Game.QueryStat zai karanto maka su. Amma kada ka dogara da makullai, domin jarumin da bai taɓa sata ba ma yana ɓalle akwatuna a kogo. Yankan aljihu da kayan sata su ne shaida ta gaskiya. Ka ajiye adadin da sharaɗin ke nema a inda ɗan wasa zai iya ragewa ko ƙarawa da kansa.

Sai batun faɗuwa. Wanda aka kama, Brynjolf ya juya masa baya na kwana biyu ko uku, sannan ya ba shi wani aiki mai wuya fiye da na farko. Kada ka rufe ƙofar har abada.

Ka yi hattara da abu guda: a babban labarin wasan, wata mai suna Delphine tana tura mutum wajen Brynjolf neman wani tsoho, Esbern. Idan sharaɗinka ya toshe wannan magana, wanda ba ɓarawo ba zai maƙale. Ka ware ta daban. Kuma duk gwajin da za ka yi, ka fara sabon wasa, domin tsohon wasan da ka ajiye yana riƙe da yanayin aikin na da, sai ka ɗauka gyaranka bai kama ba.