Karnukan haɗi da ake talla a intanet: sabon jinsi ne ko sabon suna?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Birnin Kebbi, ina da gidan gona ta wajen Kalgo inda nake kiwon tumaki da kaji, ga ɓarayi sun sa ni gaba. Na shiga Facebook neman karen gadi, sai na iske masu sayarwa daga Abuja da Legas suna tallar wasu da suke kira sabon iri: Labradoodle, Pomsky, da wani haɗin Boerboel da Caucasian. Sun ce ba sa ciwo kamar sauran karnuka, wasu ma ba sa zubar da gashi, kuma in na sayi mace da namiji zan riƙa samun 'ya'ya ina sayarwa. Kuɗin guda ya kai na ƙosasshen ragon layya. Da gaske sabon jinsi ne? Zai rayu a nan kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare maka dukiyarka, ya yi mana maganin ɓata-gari.

Waɗannan da ka lissafa babu sabon jinsi a cikinsu. Barbarar yanyawa ce: an ɗauki uba daga wani jinsi, uwa daga wani, aka gutsuro sunan wannan aka liƙa da na wancan. Labrador da Poodle suka ba da Labradoodle, Pomeranian da Husky suka ba da Pomsky. Haɗin ba aibu ba ne, amma bai kai a kira shi jinsi ba, kuma bambancin nan shi ne zai taɓa aljihunka.

Tunda manomi ne kai, ka san irin masarar kamfani da ake sayarwa a leda. Shekarar farko gona takan fito bai ɗaya, tsayi ɗaya, zangarniya ɗaya. Ka ɗebi iri daga wannan girbin ka shuka baɗi, sai ka ga wata doguwa, wata gajera, wata ko goyo ba ta yi ba. Haka gadon kare yake. Yana ɗauke da ƙunshin gado guda 78, wato tagwaye 39, rabi daga uba rabi daga uwa. Haɗin farko yakan zo da ɗan kamanni tsakanin 'yan kwikwiyon, amma da zarar ka haɗa ruwa-biyu da ruwa-biyu sai gadon ya watse. A ciki ɗaya za ka ga mai gashi a murɗe, mai gashi a kwance, babba, ƙarami, mai sanyin hali, mai faɗa. To wanda ya ce ka sayi mace da namiji ka riƙa samun irinsu sak, bai faɗa maka yadda abin yake ba.

Kafin a kira kare jinsi, sai an yi zuriya bayan zuriya ana zaɓe, ana cire wanda ya kauce, har ya zama 'ya'ya na fitowa kamar iyayensu kuma akwai littafin da ke riƙe da nasabarsu. Doberman da ka sani ma da haɗi ya faro. Wani mai karɓar haraji ne a garin Afolda na Jamus, Louis Dobermann, ya soma haɗa karnuka a ƙarshen ƙarni na 19 don ya samu mai tsaronsa, kuma sai da wasu suka ɗora bayan mutuwarsa kafin irin ya zauna. Manyan ƙungiyoyin rajistar karnuka na Birtaniya da Amurka har yanzu ba su amshi Labradoodle a matsayin jinsi ba.

Asalinsa ma ba don kasuwa aka yi ba. A 1989 wata makauniya a Hawayi ta nemi karen jagora, ga mijinta kuma jikinsa ba ya shiri da kare, da ya kusance shi sai atishawa da ƙaiƙayi. Wally Conron, wanda a lokacin yake kula da kiwo a ƙungiyar karnukan jagorar makafi ta Ostireliya, ya haɗa Labrador da Poodle, aka haifi uku. Ɗaya ne kacal a cikin ukun ya dace da mijin. Ka lura da wannan: tun a haihuwar farko, a hannun gwani, biyu ba su ba da abin da ake nema ba. Daga baya sunan ya yi farin jini, kowa ya shiga haɗa duk abin da ya samu da Poodle, shi kuwa Conron ya fito fili ya ce yana nadamar ƙofar da ya buɗe, saboda yawan karnuka masu ciwon gado da rikitaccen hali da aka riƙa haifa don kuɗi.

Batun rashin zubar da gashi, wasu sukan gaji hakan daga Poodle, wasu ba sa gada. Abin da ke tayar wa mutum da atishawa ma yawanci a yawun kare da ɓawon fatarsa yake, ba a gashin kaɗai ba. Gashin da ba ya zuba kuma girma yake yi, yana cukurkuɗewa, sai an riƙa tajewa ana aske shi duk bayan wata ɗaya da rabi ko biyu. Ka ƙaddara irin wannan karen ya ratsa gonarka da kaka, lokacin da ƙarangiya ta bushe. Ƙarƙashin wannan cukurkuɗin kaska ke ɓuya, ita ce kuma ke kawo zazzaɓin da ke shanye jinin kare har dasashinsa ya yi fari.

Maganar ba sa ciwo ita ce ta fi damuna, don tana sa mutane su yi sakaci da allura. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: haɗa jinin da ba su da dangantaka yakan rufe wasu cututtukan gado da auren zumunci ke fito da su. Sai dai hakan na aiki ne in iyayen biyu ba ciwo ɗaya suke ɗauke da shi ba. Labrador da Poodle kuwa duka suna da matsalar gaɓar ƙugu, duka suna da wata makanta ta gado mai cin ido a hankali, don haka ɗansu na iya kwasowa ta ɓangare biyu. Kwalejin likitancin dabbobi ta Landan ta fitar da bincike a 2024 kan Labradoodle da wasu haɗin Poodle guda biyu, Cockapoo da Cavapoo, inda ta kwatanta su da jinsin iyayensu, kuma a mafi yawan cututtukan da aka duba ba a ga wani bambanci ba.

Yanzu mu dawo Kalgo. Labradoodle kare ne mai son mutane, baƙo ma kaɗa masa wutsiya zai yi. Pomsky kuwa ɗan ƙarami ne na ado, yawanci ma da hannun likita ake haɗa shi saboda tazarar girman iyayen, ga gashi ninki biyu na ƙasar ƙanƙara. Kare ba ya gumi a jiki kamar mu, da haki yake fitar da zafi, a nan kuwa watan Afrilu ma'auni kan haura 40. Na taɓa karɓar wani mai kaurin gashi da aka ɗaure a tsakar gida da azahar, harshe ya yi shuɗi, bai kai la'asar ba. Har yau abin na raina.

Haɗin Boerboel da Caucasian shi ne ya yi kama da abin da kake nema, shi ne kuma nake so ka fi yin hattara da shi. Boerboel daga Afirka ta Kudu yake, gashinsa gajere, yana jure zafi daidai gwargwado. Caucasian kuwa daga duwatsun Kokesas yake, an yi shi ne don kare tumaki daga kyarkeci cikin tsananin sanyi. Kowannensu kan wuce kilo 50, kowannensu na da kafiya da zafin kishin gida. Ba ka da tabbacin gashin wa ɗan zai ɗauko, ko halin wa. A gonar da yara ke shiga, leburori na zirga-zirga, makiyaya na giftawa ta gefe, kare mai wannan ƙarfin da ba a san halin iyayensa ba hatsari ne. Ga ci: abin da zai lashe a wata sai ya ɗauki ribar kajinka.

Da ni ne kai, wajen mafarauta ko Fulanin da ke kusa da kai zan nufa. Karen gida da muke rainawa zaɓen shekaru aru-aru ne: wanda bai jure rana da kaska da ƙarancin abinci ba bai bar baya ba. Dogayen ƙafafu, siririn ciki, gajeren gashi, kunne mai jin motsi daga nesa. Karen Buzaye na yankin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, mai irin wannan ƙirar, Turawa suka ɗauka suka yi masa rajista, ƙungiyar Amurka ta amshe shi cikakken jinsi a 2019. Abin da gidan gona ke buƙata shi ne mai haushi da wuri ya tashi mai gadi, kuma biyu ko uku na gida sun fi ƙato ɗaya yin wannan aikin. Ka ɗauke su suna da mako 8, su tashi cikin tumakin, a kwaɓe su tun ranar farko da suka bi kaza. In kana son ƙarin jiki, haɗin karyar gida da namiji mai gajeren gashi wanda ka san halinsa ya fi duk waɗancan dacewa da nan.

Kiwon kare don gadin dabbobi da gona da farauta abu ne da shari'a ta yi rangwame a kai. Cinikinsa kuwa malamai sun yi magana mai tsawo, don haka kafin ka mai da shi sana'a ka zauna da malaminka.

Kowanne ka ɗauka, allura ba ta da madadi. Ta farko tsakanin mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 ko 4 har ya kai mako 16, ita ce ke kare shi daga fabo, ciwon amai da gudawar jini da ke kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki. Ta haukan kare a wata 3, sannan duk shekara. A ba da maganin tsutsar ciki, kuma don Allah kada a wanke kare da fiya-fiya ko maganin feshin gona saboda kaska, guba ce gare shi da mai wankin. Ofishin likitan dabbobi na Birnin Kebbi zai tsara maka wannan, in abu ya yi tsanani kuma akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

In kuma zuciyarka ta tsaya kan na haɗin, kada ka tura kuɗi a kan hoto. Ka je ko ka aika wanda ka yarda da shi ya ga uwar da idonsa tana tafiya, ya ga yadda take karɓar baƙo, ya nemi ganin uban, ya duba katin allura mai sa hannun likita da lambar kwalbar maganin. A bar ɗan kwikwiyon wajen uwarsa har mako 8, kuma a ɗauko shi da sanyin asuba ko da dare, ba a bayan mota cikin rana ba.