Aure ya kawo ni Zariya, katin zaɓena na Katsina ne

Tambaya: Barista, tun ina gidanmu a Katsina na yi rajistar zaɓe, yanzu aure ya kawo ni Zariya. Maƙwabciyata ta ce in je kawai in yanki sabon kati, wa zai sani? Wasu kuma sun ce tunda ni ba 'yar asalin jihar Kaduna ba ce, ba ni da ƙuri'ar gwamna a nan.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba da zaman lafiya, amma kada ki bi shawarar maƙwabciyar nan. Na'ura za ta sani. Hukumar INEC tana gwada zanen yatsu da fuskar duk wanda ya yi rajista, kuma kafin zaɓen 2023 ta soke rajista sama da miliyan 2.7 da ta samu ba su inganta ba, ciki har da na masu yi sau biyu. Ga kuma hukunci: sashe na 12 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi wancan zaɓen da ita, ya tanadi tarar da ta kai naira 100,000 ko ɗaurin shekara ɗaya, ko duka biyun.

Batun asali kuwa zancen zaure ne. Tsarin Mulki na 1999 cewa ya yi ɗan Najeriya mai shekara 18 da ke zaune a ƙasar yana da haƙƙin rajista. Zama a wuri ya isa, aiki a wurin ma ya isa.

Abin yi shi ne neman sauyin rumfa. Ki ɗauki katinki ki je ofishin INEC na ƙaramar hukumarku lokacin da ake rajista, ki cike takarda, a mayar da sunanki rumfar da ke kusa da gidanki. Kyauta ne, ko sisi kada ki ba kowa. Sabon katin da kanki za ki karɓa, maigida ba zai karɓar miki ba. Kada ki bari sai an buga gangar siyasa, domin dokar ta 2022 ta rufe wannan ƙofa kwana 90 kafin zaɓe.

Idan kin fi son ƙuri'arki ta zauna a Katsina, babu laifi, sai dai ki tafi tun ana gobe, don ranar zaɓe ana hana zirga-zirgar motoci. Gwamnan Katsina za ki zaɓa ke nan, alhali asibiti da makarantar 'ya'yanki suna Zariya.