Kai ɗan kwikwiyo asibiti karon farko: ba a fafe gora ranar tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Na tare a sabon gida a Rigachikun, can bakin unguwa inda gidaje ba su haɗu ba tukuna. Karyar maƙwabcina ta haihu, ya ba ni ɗan kwikwiyo ɗaya don gadi. Sati 7 ke nan da haihuwarsa, kwana 3 a wurina. Yana ci, yana wasa da yara, amma cikinsa ya yi tulu, kuma na ga kaska a kunnensa. Ban taɓa kiwon kare ba. Wani abokina ya ce karen gida ba ya buƙatar asibiti, in sayo allura a kemis kawai a yi masa. Ni dai ina so in kai shi wurin likita. Me zan yi kafin ranar? In yi masa wanka? Me zan riƙe, kuma yaya zan ɗauke shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a sabon gida, ya tsare. Na ji daɗin cewa kana shirin kawo shi alhali yana ci yana wasa, domin yawancin 'yan kwikwiyon da ake kawo mana sai sun kwana biyu suna amai da zawo, idanu sun faɗa, sannan ake tuna akwai asibitin dabbobi.

Shirin yana farawa daga yau, a tsakar gidanka. A ranar farko likita zai ɗora shi a sikeli, ya ɗaga leɓensa ya duba dasashi da haƙora, ya leƙa kunne, ya matsa ciki, ya saurari ƙirji, ya sa masa ma'aunin zafi a dubura. Karen da ba a taɓa yi wa irin wannan taɓi ba gani yake kashe shi za a yi. Saboda haka kullum, safe da yamma, ka samu minti 5 ka durƙusa kusa da shi. Shafa bayansa har ya saki jiki. Ɗaga kunne ɗaya ka duba, ka saki, ka ba shi ɗan guntun dafaffen nama ko ƙwai. Riƙe ƙafar gaba ka buɗe tsakanin yatsun, ka saki, ka sake ba shi. Ɗaga leɓe da babban yatsa, ka taɓa jela. In ya fizge kada ka daka masa tsawa, kada ka kai masa duka, ka bari zuwa anjima. Cikin kwana huɗu ko biyar za ka ga da ka durƙusa shi ne zai rugo. Wannan ɗan abin da kake ɗauka da hannu ɗaya yau, nan da shekara guda sai an yi da gaske kafin a danne shi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na sha ganin ƙaton karen gadi da maigidansa kansa ba ya iya sa masa takunkumi, sai an tara samari uku, kowa ya jigata, karen ma ya jigata.

Ka kuma zaɓi wanda zai riƙa kula da shi, kai ko babban ɗanka, ya zama shi ne zai zo da shi asibiti. Gidajenmu da yawa akan bar kare a hannun almajiri ko maigadi, ranar asibiti kuma a turo direba wanda bai san ko karen ya ci abinci jiya ba.

Kwanakin nan na sabo su ne kuma na sa ido. Rigakafi mai lafiya ake yi wa. In cuta ta riga ta shiga jiki tana ɓoye, allurar ba za ta tare ta ba. Ka lura da cinsa, da kashinsa, da kuzarinsa na kamar sati guda daga ranar da ya shigo gidan. Amma in ya ƙi abinci yini guda, ko ya fara amai, ko ka ga jini a kashinsa, ko ka ɗaga leɓe ka ga dasashin ya yi fari fat maimakon ja-ja, to maganar jira ta ƙare, a ranar za ka kawo shi.

Tunda maƙwabcinka ne mai uwar, ka leƙa ka tambaye shi abu uku: ainihin ranar haihuwa, ko an taɓa yi wa karyar rigakafi, da ko akwai wanda ya mutu ko yake ciwo cikin 'yan'uwansa. Amsar nan ita ke gaya wa likita inda zai fara.

Cikin da ya yi tulu, mafi yawan lokuta tsutsa ce. 'Yan kwikwiyo kan samo ta tun suna cikin uwa, ko ta nono. Akan fara ba su magani tun suna sati 2, a maimaita duk bayan sati biyu har su kai wata 3, sannan wata-wata har wata 6. Da nauyin jiki ake auna maganin, don haka ka bar wa likita. Abin da za ka kawo shi ne kashin da ya yi da safiyar ranar, kamar girman dabino, a ƙulle cikin leda mai tsabta. A madubin likita ake ganin ƙwan tsutsar. Kuma tun yanzu a riƙa kwashe kashinsa kullum, yara su wanke hannu da sabulu bayan wasa da shi, domin ƙwan wannan tsutsa na iya shiga cikin yaro ta ƙasar tsakar gida.

Wanka kuwa, kada ka yi masa ranar zuwa ko ana gobe. Muna so mu ga fatar yadda take, da ƙumarta da ƙurajenta. Kaskar kunne ka kama ta da hantsaki dab da fata, ka ja a hankali kai tsaye, ka jefa cikin 'yar kwalba mai kananzir, ka zo da ita. Kaska tana shan jini, tana kuma sa zazzaɓin da ke fasa ƙwayoyin jini, kuma irin wadda ke kama kare a tsagar bango take ɓuya, shi ya sa likita zai tambaye ka inda yake kwana.

A nan zan ja kunnenka, Malam. Kada ka shafa masa baƙin mai, kada ka fesa masa fiya-fiya ko maganin kaskar shanu, kada ka ba shi farasitamol ko wani maganin ciwon jiki na mutane. In kuwa an riga an yi, ka faɗa da bakinka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata safiya wani bawan Allah ya kawo mini ɗan kwikwiyo yana dalalar da miyau, jiki na karkarwa, ƙwayar ido ta ƙanƙance kamar bakin allura. Sau biyu ina tambaya ko an sa masa wani abu, yana cewa babu. Ƙaramin ɗansa da ke riƙe da kwalin ne ya ce, "Baba, ai jiya da daddare ka fesa masa maganin sauro." Da wannan maganar ta yaro muka san allurar da za mu ɗauko, Allah ya sa kuma ya tashi. Shi uban, kunya ce ta hana shi faɗa, na kuma fahimta, amma ba mu tambaya don mu kunyata kowa. In akwai kwalbar abin ko takardarsa, ka zo da ita.

Ranar tafiya ka fita da sassafe, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Kaduna ke kai wa maƙura. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake sanyaya jikinsa, shi ya sa buhu da but ɗin mota suke halaka shi. Samo kwali mai ƙwari ko kwandon roba, huda ramukan iska, shimfiɗa tsohon zanen da ya saba kwana a kai. Ka fara sa shi ciki a gida kwana biyu kafin ranar, har ya ci abinci a ciki. Keke Napep ko mota, kwalin ya zauna a cinyarka. A bayan babur ban yarda ba. Ka ba shi abinci kaɗan awa biyu ko uku kafin fita don kada ya yi amai a hanya, amma kada ka bar shi da yunwa, ƙaramin kwikwiyo ba ya jure ta. Riƙe gorar ruwa da ɗan kwano.

Da kun isa, kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Asibiti wurin marasa lafiya ne, kuma ƙwayar cutar fabo, mai sa amai da zawon jini mai wani irin ƙarni da in ka shaƙa sau ɗaya ba ka mantawa, tana yin watanni a cikin ƙasa da ranta. Ya zauna a kwalinsa har a kira ku, kada ya shinshini wani kare, kada kowa ya shafa shi. A gida ma haka, ba yawon unguwa sai rigakafinsa ya cika.

Abokinka ya ce karen gida ba ya buƙatar asibiti. Gaskiya karnukanmu sun fi na Turawa jure zafi da wahala, amma fabo da haukan kare ba su tambayar asali. Allurar kemis kuma matsalarta sanyi: rigakafi yana buƙatar zama tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har fatar dabba, kuma ka san halin wutarmu. Wadda ta kwana a firjin da ya mutu ruwa ce kawai. Kana da damar cewa a nuna maka kwalbar daga inda aka ciro ta da ranar lalacewarta, ka kuma nemi likita mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya. Akwai asibitocin gwamnati da masu zaman kansu a cikin gari, in kuma abu ya fi ƙarfinsu akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya, wanda daga Rigachikun hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya. Ka buga waya tun kafin ranar ka ji kuɗin dukkan alluran, domin ba zuwa ɗaya ba ne.

Dalilin maimaitawar shi ne dakashi. Kariyar da ya sha a nonon farko tana tare cuta, tana kuma tare rigakafin kansa, sannan tana gushewa a hankali tsakanin sati 6 zuwa 16, kowane kwikwiyo da nasa lokacin. Don haka ake yin allurar haɗin gambiza ta fabo da sauran cututtuka a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Wanda ya yi ɗaya ya tsaya, ya bar ƙofa a buɗe. Ta haukan kare kuwa sai ya cika wata 3, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin ta a nan gida. Wannan ita ce allurar da kake yi don 'ya'yanka da na maƙwabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta cizon kare, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 su ne kusan kashi 40 cikin 100. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Ka gaya wa yaranka yau: duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ko da wasa ne, ya faɗa nan take, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti.

Kada ka fito ba tare da kati ba, mai ɗauke da kwanan wata, da tambarin da aka ɓamɓaro daga jikin kwalbar, da sa hannun likita da hatiminsa. Ka ajiye shi tare da takardun gida. Ranar da tsautsayi ya sa karen ya ciji ɗan wani, kafin a je gaban mai unguwa katin nan za a fara tambaya.

Bayan allura ku ɗan zauna a harabar kamar rabin awa. Kasala ta yini guda da ɗan kumburi a wurin allurar ba komai ba ne, amma in fuska ta kumbura, ko ya fara amai, ko numfashi ya yi masa wuya, ku koma ciki da sauri. In kun dawo gida ka ba shi ruwa da inuwa, ka hana yara damunsa zuwa washegari, sannan ka sa ranar allura ta biyu a wayarka tun kafin ka cire takalmi.