Tambaya Mabuɗin Ilimi: Kuɗin Karatu da Bincike na Ƙasashen Waje, Wa Ake Ba Wa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon kamar an haɗa baki, saƙo bayan saƙo duk maganar sikolashif ce da kuɗin bincike na waje, wasu har da turo min hoton satifiket kamar ni nake rabawa. Na ɗebo guda biyar, wanda bai ga tasa ba ya duba da kyau, ƙila amsarsa na cikin ta wani.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na gama digiri a kimiyyar sinadarai, na yi bautar ƙasa, yanzu shekara guda ke nan ina zaune a gida. Wani mutum ya ce in kawo dubu ɗari biyu zai samo min sikolashif na Turkiyya wai yana da mutum a ciki, Mama har ta fara maganar sayar da sarƙarta. In bayar? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: Ƙanwata ki ce wa Mama ta mayar da sarƙarta cikin adaka. Tallafin gwamnatin Turkiyya da ake kira Türkiye Bursları ba a biyan ko sisi wajen nema, da kanki za ki cike fom a intanet, ana buɗewa 10 ga Janairu a rufe 20 ga Fabrairu, mai neman mastas kada ya kai shekara 30, mai neman dokta kada ya kai 35, in an ɗauke ki sai kin yi shekara guda kina koyon Turkanci kafin karatun. To wannan mutumin me zai miki? Iyakacinsa ya cike miki fom ɗin da za ki iya cikewa a wayarki, in kin dace ya ce shi ne, in ba ki dace ba ya ce mutumin nasa aka canza wa ofis.

Kuma kar ki tsaya a ƙofa ɗaya. Akwai Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, mastas ne da ake yi a ƙasashe biyu ko fiye, suna ba da yuro 1,400 duk wata kuma su ɗauki nauyin kuɗin makaranta, yawanci daga Oktoba zuwa Janairu ake nema. Akwai Chevening na Birtaniya, mastas na shekara ɗaya, amma su sai kina da aikin shekara biyu, awa 2,800 suke ƙirgawa, kuma in kin gama dole ki dawo gida ki yi aƙalla shekara biyu. A nan ne zaman gidan nan naki yake cutar ki, bautar ƙasa tana shiga lissafi amma ba ta isa ba, don haka ko koyarwa ce a makarantar unguwa ko aikin sa kai ki kama, ki riƙa karɓar takardar shaida. Kuɗin da za ki kashe na gaskiya su ne na fasfo, na karɓo tiransikirif, wato takardar cikakken sakamakonki, daga jami'arku, da jarabawar Turanci ta IELTS in an buƙata. Tiransikirif ɗin nan ki fara bi tun yau, shi ne ya fi cin lokaci.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni lakcara ne a fannin noma. Ni da wani abokina da yake koyarwa a Maraɗi muna son yin bincike kan tsutsar da ke cin zangarniyar gero, tunda matsalar ɗaya ce nan da can. Ina ake samun kuɗin irin wannan aiki na ƙasa biyu? Daga wani malami a Katsina.

Amsa: Malam wannan tambayar ta min daɗi wallahi, domin tsutsa ba ta san Jibiya ba balle ta tsaya a buga mata fasfo. Kuma ba ku ne farau ba, masu bincike a Nijar da Burkina Faso da Mali sun yi shekaru suna aiki tare kan wannan tsutsa da tallafin gidauniyar McKnight ta Amurka, suna kiwon wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro suna sakinsa a gonaki yana kashe ta. Abokinka zai san labarin tunda da 'yan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da jami'ar Maraɗi a ciki. Ku karanta abin da suka yi tukuna, babu abin da yake kashe takardar neman kuɗi kamar a ga ba ka san an riga ka ba.

Na san da yawanku ido na kan TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun Najeriya. To su tun farkon 2025 sun dakatar da tura malamai karatu waje, kuɗin bincike kam suna bayarwa amma na makarantun Najeriya ne, ba shi zai ɗauki nauyin ɓangaren Maraɗi ba. Ƙofofin da aka yi su don aikin tsallake iyaka daban suke. ICRISAT, hukumar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, tana da babbar cibiya a Sadore kusa da Yamai kuma tana da ofis a Kano, gero da dawa su ne sana'arta. Cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero tana cikin cibiyoyin da Bankin Duniya ya tallafa wa a shirin da ya fara a 2014, kuma sharaɗin shirin ne a ɗauki ɗalibai daga maƙwabta. WASCAL, cibiyar nazarin sauyin yanayi ta Afirka ta Yamma wadda Jamus take ɗaukar nauyi kuma hedikwatarta na Accra, tana da makarantun digiri na gaba a Minna da Akure da Kumasi da Yamai, ana cakuɗa ɗaliban ƙasashen yankin a kowacce, in za ku iya ɗaura aikinku da sauyin yanayi to nan ma hanya ce ga ɗalibanku.

Babban tulu kuwa shi ne Horizon Europe, shirin bincike na Tarayyar Turai, wajen yuro biliyan 93.5 daga 2021 zuwa 2027. Najeriya da Nijar duk suna cikin ƙasashen da za a iya ba kuɗin, sai dai ba ku biyu kaɗai ba, a mafi yawan kira, wato sanarwar a nemi kuɗin, sai an sami cibiyoyi uku daga ƙasashe uku na Turai ko masu yarjejeniya da shirin, sannan ku shigo a kai. Ma'ana sai kun yi abokai tun kafin a fitar da kira, in ka bari sai an buga ganga sannan ka fara neman abokin rawa to an gama rabo. Ka duba su wa suke rubutu kan gero a jami'o'in can, ka tura musu imel gajere, ban da dogon kirari, ka faɗi abin da kuke da shi wanda su ba su da shi: gonaki, manoman da suka yarda da ku, bayanan damina da yawa, da harshen da za a yi magana da manoman.

Abu ɗaya da yake ci min tuwo a ƙwarya, sau da yawa namu su ne masu shan rana suna tattara bayanai, in takarda ta fito sunansu na can ƙarshe ko ma babu. Ku yi maganar suna da kason kuɗi tun ranar farko, a rubuce, kunya ba ta da wuri a nan. Sannan kuɗin asusun jami'a yake shiga ba naka ba, kowane kwabo da rasit, masu binciken kuɗi za su zo. Kuma ku tuna an rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 sai Maris 2024 aka buɗe, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka ku tsara aikin yadda ko an hana zirga-zirga kowa zai ci gaba a ɓangarensa, kason Maraɗi ya tafi Maraɗi kai tsaye da sefa, naku ya zo muku.

Tambaya: Malam kakanmu ya bar mana littattafan hannu cike da gafaka da akwati biyu, na Larabci da ajami, gara ta fara taɓa wasu. An ce Turawa na ba da kuɗin adana irinsu, amma yayyena suna tsoron a kwashe. Daga wani matashi a Damagaram.

Amsa: Allah ya jiƙan Malam, ya saka maka da wannan kulawa. Tsoron yayyenka ba wauta ba ne, an kwashe na wasu a da. Amma shirin da na sani, Endangered Archives Programme na babban ɗakin karatun Birtaniya, wanda gidauniyar Arcadia take ba kuɗi tun 2004, dokarsa ita ce asalin takardu ba sa barin ƙasarsu. Hoto ake ɗauka shafi-shafi, a bar kwafi a wata cibiya ta gida, wani kwafin a sa a intanet kowa ya gani kyauta. Wannan na ƙarshen shi ne abin da za ku zauna ku tattauna a gida, domin a irin waɗannan akwatuna akan sami wasiƙu da takardun gado da sirrin malanta da ba lalle iyali su so duniya ta gani ba, kuna da ikon cewa wannan a ɗauka wannan a bari.

Kuɗin kuma ba na sayen littafi ba ne, ba wanda zai miƙo muku a hannu, na kyamara ne da ma'aikata da horaswa, kuma sai da cibiyar da za ta tsaya. A Nijar ka nemi sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, 'yan Najeriya masu irin wannan su nufi Arewa House a Kaduna. Kafin nan ka ɗaga akwatunan daga ƙasa, ka raba waɗanda gara ta taɓa da sauran, kar ka manna salatif, kar ka kai a like su da leda, kuma kar ka gyara jerin shafuka ko da ka ga kamar a hargitse suke.

Tambaya: Yaya sau uku ina nema sau uku ana mayar da ni, kuma sakamakona mai kyau ne. Ko sai da hanya ne? Daga wani ɗalibi a zangon Kumasi.

Amsa: Ƙanena na karanta rubutun da ka haɗo da saƙon, kuma ka yi haƙuri zan faɗa maka gaskiya. Shafi guda da rabi kana ba da labarin talauci da maraici, layi biyu kacal kan abin da za ka karanta. Allah ya jiƙan mahaifinka, amma waɗannan mutanen ba zakka suke rabawa ba, kowannensu da abin da yake so kuɗinsa ya haifar. Chevening shugabanni take nema da za su koma gida da zumuncin Birtaniya, DAAD, hukumar sikolashif ta Jamus, a kwasa-kwasanta na raya ƙasa ma'aikaci take so mai shekara biyu a bakin aiki, gidauniyar Mastercard ita ce take kallon rashin hali sosai, amma ita ma tana tambayar me ka taɓa yi wa al'ummarka. Ita ɗin ma ga ta a ƙofar gidanka, KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, na cikin jami'o'in da take aiki da su, ta wajen jami'ar ake nema.

Rubutu ɗaya ka yi ta turawa ko'ina, sunan makarantar kawai kake canzawa, a wani wurin ma ka manta ba ka canza ba. Darasin yamma da ka ce kana yi wa yaran zango, wanda ka ambata a layi ɗaya ka wuce, shi ne ya kamata ya zama kan magana: yara nawa, tun yaushe, nawa suka ci jarabawa. Masu rubuta maka takardar shaida kuma ka ba su wata guda, ba daren rufewa ba.

Tambaya: Malam Hausa na karanta har mastas, mu ma akwai namu ko sai 'yan kimiyya? Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Akwai Malama. Shirin Fulbright na Amurka yana da reshen da ake ɗaukar matasan malamai su koyar da harshensu a jami'o'in can na shekarar karatu ɗaya, daga Najeriya Hausa da Yarbanci ake ɗauka. Ba digiri ake bayarwa ba, amma kina koyarwa kina shiga wasu azuzuwa, ta ofishin jakadancinsu ake nema, kuma Turancinki za a gwada sosai tunda da shi za ki yi bayani. Dokokin bizar Amurka suna yawan canzawa, ki tabbatar da halin da ake ciki kafin ki kashe kuɗin jarabawa. Ana kuma koyar da Hausa a Jami'ar Warsaw ta Poland da jami'ar harsunan waje ta Beijing, in kina da niyyar dokta ki rubuta wa malaman sashen da tsarin bincikenki a shafi biyu, ki haɗa da babi ɗaya daga kundin mastas ɗinki.